Goro, gahawa, shayi ko koko: gurbin metil ɗaya ne ya raba su, to wanne za ka riƙe?

Gardamar masu goro da masu Nescafe dai ba ta da ranar ƙarewa. Mai goro zai ce maka nasa ɗan itace ne, kaka da kakanni sun ci sun tsufa lafiya lau, shi kuma ɗan jami'a da ke kaɗa cokali biyu ba madara ba suga saboda jarabawar gobe zai ce goro na tsofaffi ne banda rina haƙori ba abin da ya iya, ga 'yan ataya a gefe suna cewa su ai ganye kawai suke dafawa, sannan ga uwa tana haɗa wa yara Milo da daddare hankalinta kwance. To ukun farkon nan abu ɗaya suke zubawa a jininsu, wato kafeyin, kuma wanda ke cikin goron da aka sauke a kasuwar Mariri da wanda ke cikin gwangwanin Nescafe ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra ɗaya. Na huɗun ne kawai ya fita daban, koko, ina nufin wanda ake cakulan da shi ba na gero ba, shi ma ɗin ɗan guntun abu guda ne ya raba shi da sauran, wanda masu ilimin sinadarai ke kira metil.

Metil ba wani babban abu ba ne, kabon ɗaya ne riƙe da haidurojin uku, shi ne kuke gani ana rubuta CH3. Akwai wani ginshiƙin sinadari sunansa zantin, zobe biyu ne manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida ɗaya mai biyar, da naitirojin huɗu a jikinsu, kowane gurbi an ba shi lamba. Gurbi uku ne suka shafe mu, na 1 da na 3 da na 7. In metil ya cike duka ukun, kafeyin ke nan. In ya zauna a 3 da 7 ya bar 1 fayau, wannan tiyobromin ne, shi ne ya fi yawa a koko. In kuma ya zauna a 1 da 3 ya bar 7, ya zama tiyofilin, maganin asma, wanda ake samun ɗan ɓurɓushinsa a ganyen shayi. Akwai na huɗu, parazantin, mai metil a 1 da 7, shi ba za ka same shi a teburin mai shayi ba, hantarka ce ke ƙera shi. Ku lura fa, tiyobromin da tiyofilin da parazantin kayan gininsu iri ɗaya ne cif, C7H8N4O2, nauyinsu ɗaya, wurin zama kawai aka sauya, amma ɗaya ana ba yaro a cakulan ɗaya kuma in ya yi yawa kaɗan a jini sai an kwantar da mutum a asibiti. Wani Bajamushe Friedlieb Runge ne ya fara tace kafeyin daga gahawa a 1819, ɗan Rasha Voskresensky ya gano tiyobromin a ƙwallon koko a 1841, sai Albrecht Kossel ya ciro tiyofilin daga ganyen shayi a 1888, kuma Emil Fischer ne ya zo ya warware yadda gininsu yake har ya haɗa kafeyin da hannunsa a 1895.

Yanzu me ya sa kafeyin ke kore barci. Tun da ka farka da safe ƙwaƙwalwarka ke tara wani sinadari adenosin, yana da wurin da yake zama a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da ya taru ya zauna sai ka fara hamma ido ya yi nauyi. Kafeyin yana kama da shi a siffa, sai ya riga shi shiga wurin, kamar wanda ya haye kujerar direba ya harɗe bai iya tuƙi ba kuma ya hana direban shiga. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, saƙonta ne ba ya isa. To masu binciken magunguna sun gwada waɗannan 'yan gida ɗayan, suka ga metil na gurbi na 1 shi ne ke sa sinadarin ya kama wurin adenosin da kyau, na gurbi na 3 yana taimakawa wajen buɗe hanyoyin iska a huhu, na gurbi na 7 kuwa rage ƙarfi yake yi. Daga nan komai ya fito fili. Tiyofilin yana da 1 da 3 kuma ba shi da mai rage masa ƙarfi, shi ya sa ya fi kowa zafi. Kafeyin yana da duka ukun, tsaka-tsaki. Tiyobromin ya rasa 1 ga shi kuma yana ɗauke da 7, shi ne sanyi-sanyin gidan, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa sosai, aikinsa ya fi karkata ga sassauta jijiyoyin jini da ɗan ƙara fitsari da ɗan ƙara bugun zuciya in an sha da yawa.

Akwai wani abu da ni yake burge ni a nan. Metil abu ne mai ɗabi'ar mai, ba ya son ruwa, saboda haka da ka ce wanda ya fi yawan metil shi zai fi wuyar narkewa. Ina, akasin haka ne. Kafeyin mai guda uku yana narkewa wajen giram 20 a litar ruwa mai sanyin ɗaki, a tafasasshe kuwa ya ninka haka sau talatin, amma tiyobromin mai guda biyu ko rabin giram ba ya kaiwa a lita. Dalili shi ne gurbin da metil bai rufe ba akwai haidurojin a kan naitirojin ɗin, shi kuma yana kama oksijin ɗin da ke jikin maƙwabcinsa, sai ƙwayoyin su rirriƙe juna gam ruwa ya kasa shiga tsakaninsu, shi ya sa ma sai wuta ta kai wajen digiri 350 kafin tiyobromin ya narke, kafeyin kuwa wajen 235. Kafeyin an toshe masa duk hannayen da zai riƙe ɗan uwansa da su, sai ya zama sakakke, ruwa ya ɗauke shi, kitse ma ya ɗauke shi, ya ratsa hanji ya ratsa shingen ƙwaƙwalwa ba wahala. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya ya kai ƙololuwa a jini. Tiyobromin sai ya ɗauki awa 2 zuwa 3 yana tafiyar hawainiya, sannan ya daɗe bai fita ba.

Su ma itatuwan bi da bi suke ɗora metil ɗin, sai su fara da gurbi na 7, su sa na 3 ya zama tiyobromin, su ƙarasa da na 1 ya zama kafeyin. Shayi da gahawa da goro suna kai aikin ƙarshe, itacen koko galibi a mataki na biyu yake tsayawa, duk da cewa goro da koko dangi ɗaya ne a tsirrai, dangin da kuɓewa da rama da kuka da auduga ma suke ciki. Hanta kuma baya take komawa, akwai wani ma'aikacin sinadari a cikinta da ake kira CYP1A2, yana cisge metil ɗaya daga kafeyin ɗin da ka sha, kusan kashi 84 cikin 100 na gurbi na 3 yake cirewa a samu parazantin, kashi 12 ya cire na 1 a samu tiyobromin, kashi 4 ya cire na 7 a samu tiyofilin. Ka ga matsalar ai, mafi yawansa ya koma parazantin wanda har yanzu metil ɗinsa na gurbi na 1 yana nan daram, ma'ana shi ma hana barci yake. Shi ya sa abin ke jan lokaci. A jikin lafiyayyen babba sai an yi kamar awa 5 kafin rabin kafeyin ya bar jini, in ka sha miligiram 200 ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 akwai sauran 100, ƙarfe 8 na safe da kake zaune a ɗakin jarabawa akwai 50, ga 'ya'yansa kuma suna yawo.

To mu zo kan zaɓi. Ma'aunin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Turai suka tsaya a kai shi ne babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, Turawan suka ƙara da cewa kada a wuce 200 a zama ɗaya, mai juna biyu kuma 200 a yini gaba ɗaya. Riƙe waɗannan lambobin.

Goro, na fara da shi don shi ne namu, tun zamanin fataken Gwanja da ke zuwa Salaga har zuwa 'yan goron Sabon Shagamu na yau. A busasshen goro kafeyin yana kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wato ya fi ƙwallon gahawa irin arabika mai ɗan sama da kashi 1, yana kafaɗa da robusta mai wajen kashi 2, sannan akwai ɗan tiyobromin a ciki. Babban goro guda in ka cinye shi tas ya kai kofin gahawa ko ya wuce. Abin da nake yaba wa goro guda biyu ne, ba a zuba masa suga ko kaɗan, wanda a wannan zamanin na ciwon suga ba ƙaramin abu ba ne, kuma ana cinsa a gutsure a hankali, ka ɓantari kaɗan ka mayar aljihu, saboda haka ba ya dukan mutum lokaci guda irin na wanda ya ɗaga kofi ya shanye. Aibinsa kuma shi ne ba ka san nawa ka ci ba. Wani goron ƙarami wani ƙato, wani fari wani ja, wani sabo wani daushe, ba rubutu a jikinsa, kuma dattijon da ke tauna tun bayan asuba har isha zai iya wuce 400 ɗin nan ba tare da ya taɓa jin ya "sha" wani abu ba, sai dai ka ji yana ƙorafin barci ba ya zuwa da faɗuwar gaba. Yana kuma tsokano ruwan tsami na ciki, mai olsa da ke cin goro da safe ciki ba komai shi ya jawo wa kansa. Namijin goro kuma kada a haɗa shi a wannan lissafin, itace ne daban, dangi daban, ɗacinsa daga wasu sinadarai ne.

Gahawa ita ce ta fi sauƙin lissafi, kuma don haka nake ganin ita ta fi dacewa da wanda yake son ya san abin da yake yi. Ƙaramin cokali ɗaya na irin Nescafe wajen miligiram 60 ne, dafaffiyar gahawa kofi mai mililita 240 wajen 95, irin wadda ake dafawa a jabana a Sudan da citta kuwa kofin ƙarami ne amma mai kauri, kuma ba wanda ke tsayawa a ɗaya. Tana aiki da sauri, wannan alheri ne in kana buƙatar ido ya buɗe yanzu, sharri ne in kana da saurin firgita ko hannu na rawa. 'Yan ƙananan leda masu haɗe da madara da suga kuwa rabin abin suga ne. Lemukan ƙara kuzari su ma a nan layin suke, babu wani sirri a cikinsu, kafeyin ne da suga da gas, gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da miligiram 80, sauran ka juya kwalbar ka duba, in an rubuta 32 a kowace mililita 100 to kwalbar 500 ta ba ka 160 ke nan, biyu da rabi ka cinye kason yini. Coca-Cola wadda tun 1886 ta ari sunan goro na Turanci, wato kola, gwangwaninta ɗan sama da 30 ne kawai.

Shayi yana da fuska biyu. Na mai shayi, wato jakar Lipton ko Highland na Mambila guda ɗaya a kofi, miligiram 40 zuwa 50 ne, rabin gahawa, kuma akwai wani sinadari tiyanin a ganyen da ke ɗan lafar da zafin kafeyin, shi ya sa mutane da yawa ke cewa shayi ba ya sa su rawar jiki. In ni za a tambaya, ga wanda kawai yake son ya wartsake da safe ya yi aikinsa, wannan ya fi, in dai an ce wa mai shayin ya rage hannu a suga. Ataya kuwa wani labari ne. Koren shayin Sin ne, wanda a kofi na yau da kullum bai fi miligiram 30 ba, amma a fada ba haka ake yi ba, ana cika 'yar buta da ganye a ɗora a gawayi ya yi ta tafasa, kuma kun tuna kafeyin ba ya jinkirin narkewa a ruwan zafi, saboda haka yawancinsa a dahuwar farko yake fitowa. Wannan ɗan gilashin na farko mai ɗaci kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. In hira ta kai ka fada bayan isha kuma kana da fita da sassafe, ka bari na farko ya wuce ka, ka karɓi na uku, ba a fasa zumunci ba kuma barcinka ya tsira. Babban aibin shayi bai ma shafi metil ba, tanin ne, abin nan mai ɗaure baki, yana hana jiki tsotse sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, daga abinci irin wake da ganye, in aka sha tare da abinci yana iya rage shi da kusan kashi 60. Mace mai ƙarancin jini ko mai shan ƙwayar ƙarin jini ta bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakani. Ɗan tiyofilin ɗin da ke cikin shayi kuma ɓurɓushi ne, kada wani ya ce maka shayi mai kauri zai maye gurbin abin shaƙar mai asma.

Sai koko, wanda shi kaɗai ne ainihin zaɓi na daban. Garin koko zalla marar suga yana da tiyobromin wajen giram 2 a kowane giram 100, kafeyin kuma ɗan sama da miligiram 200, wato babban cokali ɗaya zai ba ka tiyobromin kamar 100 da kafeyin 10 da 'yan kai. Ga wanda yake son abu mai ɗumi da yamma ba tare da ya sayar da barcinsa ba, ko yara, ko wanda gahawa ke sa wa zuciya gudu, wannan ne. Amma in karatun dare za ka yi to ka yi asarar kuɗinka, ba zai riƙe maka ido ba, metil ɗin da ke wannan aikin ne babu. Milo da Bournvita kuwa kokon cikinsu ba shi da yawa, hatsin malt ne da suga da madara, damuwarsu suga ce ba sinadarin ba. Baƙin cakulan mai ɗaci irin mai kashi 70 zuwa 85 shi a yi hattara, giram 100 nasa ya kai kafeyin 80 ga tiyobromin wajen 800, in ka cinye sanda guda da dare za ka ji a jikinka. Yana kuma sassauta bakin tumbi na sama, mai ƙwannafi zai sha wuya. Masu kare su kiyaye, hantar kare ba ta iya cire metil ɗin nan da sauri, tiyobromin yana yin kusan awa 17 rabinsa bai fita ba, cakulan na kashe kare, kuma saboda wannan sinadarin ne ake taƙaita ɓawon ƙwallon koko a abincin kaji da dawaki.

Direban dogon zango, Kano zuwa Legas ko Maraɗi zuwa Yamai, shi zan ce gahawa ko goro duk wanda ya saba, amma ya sani bashin barci ne yake ɗagawa ba biya yake ba, da kafeyin ya sauka adenosin ɗin da ya taru zai afko gaba ɗaya, galibi kuma goshin asuba. Dokar hanya ta Ingila shawarar da ta taɓa bayarwa a da ita ce ka tsaya, ka sha kofi biyu na gahawa, ka ɗan runtsa kamar minti 15, kafin ka tashi ya fara aiki. Wannan ya fi a yi ta tauna goro ana lumshe ido a kan sitiyari. Ɗalibi kuma gara ya sha da la'asar ya yi karatunsa zuwa sha biyu ya kwanta, an gwada an ga miligiram 400 ko awa 6 kafin kwanciya aka sha yana cin sama da awa guda na barci, kuma abin da ka karanta a barci yake zama.

Mai juna biyu lamarinta daban ne, domin cikin yana rage saurin CYP1A2, a watannin ƙarshe awa 5 ɗin nan tana iya komawa har 15, ga kafeyin yana ratsa mahaifa, ɗan tayi kuma ba shi da abin da zai sarrafa shi. Mata da yawa suna cin goro saboda tashin zuciya da tsinkewar yawu, to a gutsura kaɗan, kada ya zama goro guda da safe guda da rana ga shayi a kai. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ita ma lokacin yana kusan ninkawa. Mai shan taba kuwa akasin haka, hayaƙin yana zaburar da hantar ta cire metil da sauri, shi ya sa za ka ga mashayin sigari yana shan shayi ba ƙaƙƙautawa, kuma ranar da ya daina tabar ya kamata ya rage shayin, in ba haka ba zai ga barci ya ƙaurace ya ɗauka rashin sigarin ne kaɗai. Mai hawan jini, kafeyin yana ɗaga awo na 'yan awanni musamman ga wanda bai saba ba, shayi marar kauri ko koko marar suga ya fi masa, kuma kada ya ci goro a hanyar zuwa awon jini.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, siprofuloksasin, wato sipro ɗin nan da ake rubutawa da an ce taifot, yana danne CYP1A2. Kana kan sipro kana cin goronka yadda ka saba, sai ka ji zuciya na dukan uku-uku barci ya gagara ka ce ciwon ne, alhali kafeyin ne ya taru bai samu hanyar fita ba. A satin nan ka rage da rabi. Haka wasu magungunan ciwon kai, Panadol Extra kowace ƙwaya akwai kafeyin miligiram 65, biyu sun zama 130, Alabukun ma akwai shi a ciki, a sa su a lissafin yini. Wannan maganar ta fi tsanani ga mai shan tiyofilin ko wanda ake yi wa allurar aminofilin, wadda tiyofilin ce aka haɗa da wani sinadari don ta narke a ruwa. Tazarar da ke tsakanin warkarwa da guba a maganin nan siririya ce, ana so ya tsaya tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a litar jini, ya haura sai amai da rikicewar bugun zuciya har da jijjiga, kuma sipro ko eritromaisin, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, suna iya tura shi sama, gahawa a kai ta ƙara dagula lissafi tunda hanya ɗaya suke bi a hanta. Wannan ne ya sa likitoci suka koma kan abin shaƙa, tiyofilin ya zama na baya-baya, ba maganin da za ka shiga kemis ka ce a ba ka na ɗari biyu ba ne. A ɗakin jarirai ma haka zaɓin ya kasance, bakwainin da numfashinsa ke ɗaukewa an fi son a ba shi kafeyin a kan aminofilin saboda ya fi faɗin tazarar aminci kuma sau ɗaya ake bayarwa a yini, abin mamaki ma jikin jariri in an ba shi tiyofilin yakan ɗora masa metil a gurbi na 7 ya mayar da wani kaso kafeyin da kansa. Irin wannan wasan na metil ɗaya ne tsakanin kodin da mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, kodin mofin ne da aka rufe masa gurbi guda, hanta ta buɗe, abin da ya sa maganin tarin ya zama abin maye har Najeriya ta hana shi a 2018.

Saura masu azumi. Ciwon kan nan na ranakun farko na Ramadan da ake ɗora wa yunwa da rana, ga mai goro ko mai shayi yawanci rashin kafeyin ne, yana farawa awa 12 zuwa 24 bayan na ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu, yana iya kai mako. Sauya goro da gahawa ko gahawa da shayi mai kauri ba ya canza komai tunda abu ɗaya ne, abin da ke aiki shi ne a fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban, mai cokali biyu ya koma ɗaya sannan ya koma jakar shayi, mai goro uku ya koma biyu ya koma ɗaya. A cikin azumin kuma in dole ne, kofin shayi ɗaya da sahur ya fi gahawa mai kauri bayan tarawi, domin ta bayan tarawin tana nan a jini har lokacin da ya kamata ka ɗan samu barci kafin a tashi sahur, in kuma bakin ne kawai ke son abu mai zafi a wannan lokacin, a dama garin koko da madara.